Dogayen Lambobin Kawu

A ofishin nan, duk wanda lamba ta yi wa tsawo wurin Kawu yake nufa. Ba kawun kowa ba ne a cikinsu. Shi ne dai mai furfura, kuma teburinsa ya riga na kowa zuwa, can kusurwa inda iskar fanka ba ta kaiwa. Sana'ar kamfanin rubuta manhaja ce, abin da kuma suka fi tinƙaho da shi wata laburare ce, wato tarin kod, rubutattun umarnin kwamfuta, da sauran masu rubuta manhaja suke ɗauka su ɗora nasu aikin a kai. A can cikin laburaren akwai wani ɓangare da Kawu ya rubuta shi kaɗai, tun gashinsa yana baƙi wuluk.

Ba don marmari ya rubuta shi ba. Yaren kwamfutar da suke aiki da shi yana da wata muguwar kasala a wancan zamanin: in lamba ta yi tsawo da yawa, sai ya riƙe kanta ya saki wutsiyar. Ka ba shi lamba mai ƙarewa da bakwai, ya dawo maka da ita tana ƙarewa da sifili, ko kunya babu. Masu bin sawun kaya a manyan rumbuna da masu auna lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ba za su iya zama da wannan sakarci ba. Sai Kawu ya zauna ya koya wa kwamfuta lissafin firamare. Ta yanka doguwar lamba gunduwa-gunduwa, ta jera, ta fara daga dama, ta rubuta biyu ta riƙe ɗaya. Ya koya mata tarawa da ɗebewa, ya sha wuya a ninkawa, rabawa kuwa sai da ta kusa kwantar da shi. Da ya gama, abin ya kai dubban layuka, kuma ya yi aiki.

Tun daga nan ba wanda ya ƙara leƙa wurin. Duk sabon ma'aikaci, bayan an nuna masa banɗaki da inda ake dafa shayi, sai a ce masa: ga fayil ɗin Kawu can, ka kewaye shi. In abokin ciniki ya kira yana kukan dogayen lambobi, Kawu ake miƙa wa waya, ko ranar hutu ce. Yakan yi tsaki, ya ce ba a barin mutum ya huta. Ƙarya yake yi. Daɗi yake ji har cikin ransa, don ya san yaran nan sun fi shi saurin hannu, sun san abubuwan da ko sunansu bai iya faɗa ba, amma wannan kusurwa tasa ce.

Ranar da abin ya fara, Manaja ce ta zo da kanta ta tsaya a bakin teburinsa. Ƙanwar bayansa ce a shekaru, don haka sai da ta gaishe shi sosai, ta tambayi mutanen gida, ta tambayi gwiwar da take damunsa.

"Kawu, ka ga sabuwar fitowar yaren?"

"Na ji ana maganarsa."

"Yanzu da kansa yake riƙe lamba komai tsawonta. Ba yanka, ba jerawa. Ina so a cire namu, a ɗora laburaren a kan nasu. Masu amfani da ita kada su ga wani bambanci, sai dai sauri."

Kawu ya cire tabarau ya goge da bakin riga, duk da ba abin da ya hau kansa.

"A cire namu," ya maimaita.

"Eh. Kuma ba wanda ya cancanci aikin sai kai. Wa zai iya in ba kai ba?"

Ta yi murmushi ta wuce. Shi kuwa ya zauna yana juya maganar, ya rasa ta inda zai kama ta. Girmamawa ce ko sallama? Ta ce ba mai iyawa sai shi, wannan yabo ne. Amma in ya iya ɗin, gobe me za a zo nema a kusurwar nan? Tambayar da ta zo masa baki ita ce, to ni kuma fa? Bai yi ta ba. Mutum mai furfura ba ya yi wa ƙanwar bayansa irin wannan tambaya a gaban yara.

Ya ɗauki kwafin laburaren gefe guda ya fara aiki, yana fatan abin ya yi wuya. Bai yi ba. Ko tsohon fayil ɗin bai buƙaci buɗewa ba, ƙofofinsa kawai ya bi. Inda ake kiran tarawarsa mai ɗaruruwan layuka, ya sa alamar tarawa ƙwaya ɗaya. Inda ake kiran ninkawa, ya sa alamar ninkawa. Abin har ya ba shi haushi. Wuri ɗaya ne sabon ya ɗan yi masa gardama, har ransa ya yi fari: ya haɗa biyar irin ta dogayen lambobi da biyar ta yau da kullum, kwamfuta ta ce atafau ba za ta tara su ba, wai ba jinsi ɗaya ba ne.

"Biyar da biyar ne fa," ya ce da allon.

Allon bai kula shi ba. Injiniya ce ta ɗago daga teburin da ke kallon nasa. Kowa a ofishin injiniya ne, amma ita kaɗai ake kira haka, don ranar da ta fara aiki da shi ta gabatar da kanta, sunan kuwa ya bi ta.

"Kawu, sai ka mayar da ɗayar irin ɗayar tukuna. Haka yake, ba ya son gauraye."

"Na sani," ya ce. "Gwada shi nake yi."

Ya mayar, gardama ta ƙare. Sai ya saki gwaje-gwaje, wato tarin tambayoyin lissafi da aka ajiye tare da amsoshinsu, waɗanda ake yi wa laburaren duk lokacin da aka taɓa ta. In amsa ta yi daidai layi ya fito kore, in ta kuskure ya fito ja. A da, in ya saki gwaje-gwajen nan, yakan tashi ya dafa shayi, ya tsaya ya yi hira da mai gadi, ya dawo ya tarar ba su gama ba. Yau ko hannun kujera bai gama dafawa ba suka ƙare. Ya koma ya zauna da kofinsa wayam, yana kallon kore na bin kore har ƙasa.

Can kusa da ƙarshe, ja guda ɗaya.

Wani sanyin daɗi ya ratsa shi, har ya ji kunyar kansa. Ya matso da fuska. Tambayar ƙarama ce: bakwai ƙasa da sifili, a raba biyu, ba a son ɓari. Nasa tsohon yana cewa huɗu ƙasa da sifili. Sabon ya ce uku ƙasa da sifili.

Bai ɗau lokaci ba ya gane. Amsar gaskiya uku da rabi ce, tana tsakiya. Nasa kullum ƙasa yake turawa, sabon kuwa wajen sifili yake jawowa. Ba wanda ya yi kuskure, kowa da al'adarsa. Sai dai abokan ciniki da al'adar nasa suka saba, musamman masu auna lokaci, waɗanda in aka canza musu za su ga jiya ta koma yau. Gyaran kuwa layi uku ne: in amsa tana ƙasa da sifili kuma akwai saura, a rage ɗaya.

Ya rubuta layukan uku. Ya saki gwaji. Kore tun daga sama har ƙasa.

Ya daɗe yana kallo. Aikin ƙuruciyarsa kaf, ga abin da ya rage a ciki, bai kai tsawon adireshin gida ba. Sai hannunsa ya je ya goge layukan, ya sake sakin gwaji, jan ya dawo. Ya ji numfashinsa ya daidaita. Ya sake rubuta su, kore. Ya goge, ja. Haka ya wuni kamar yaro da makunnin fitila, shi kansa bai san abin da yake nema ba. Da lokacin tashi ya yi, a ja ya bar shi.

Ranar hutu da safe matarsa tana guga a falo, shi yana zaune da shayin da ya huce, wayarsa a kan cinya. Ta dube shi ta gefen ido.

"Malam, tun jiya kake magana da kanka. Lafiya?"

Ya yi ƙoƙarin yi mata bayani. Ya ce ta ɗauka gini ne mai hawa-hawa a ƙarƙashin ƙasa, mutum yana tsaye a tsakiyar matakala, tsakanin hawa na uku da na huɗu. In an tambaya a wane hawa yake, nasa zai ce na huɗu, sabon zai ce na uku.

"To wanne ne daidai?"

"Duka biyun."

"Wanne ne kuskure?"

"Babu."

Ta ajiye dutsen guga a tsaye. "To me ya hana ka cin abinci?"

"Ba za ki gane ba."

"Kai ka gane?"

Ya juya kofin shayin a hannunsa. Ta ɗauki wata riga ta shimfiɗa, ta yayyafa mata ruwa.

"Sallamarka za su yi?"

"Ba wanda ya ce haka."

"Ƙarin girma za su yi maka?"

"Shi ma ba wanda ya ce."

"Ikon Allah. Mutum a matakala bai hau ba bai sauka ba, kai ma haka. Ni dai da za su daina kiranka ranar hutu, da har ofishin zan je in yi musu godiya. Ɗaurin auren 'yar ƙanwarka a bakin ƙofa ka yi shi, waya a kunne."

Ya so ya ce mata ai wannan kiran shi ne shi. Ya ga in ya faɗa a fili zai zama abin dariya, sai ya kurɓi shayin mai sanyi.

Da aka koma aiki Manaja ta kira shi ɗan ɗakin taro, ta ce Injiniya ma ta shigo, tunda ita ce za ta duba aikin kafin a sake shi. A hanya Kawu ya ƙudurta zai faɗi komai: ga ja ɗaya, ga dalilinsa, ga layi uku, shi ke nan. Har ya shirya yadda zai yi dariya a ƙarshe, irin ta dattijon da ba ya riƙe abin duniya. Ya haɗa kwamfutarsa da babban allo, kore ya cika bango, jan nan yana tsakiya.

"Wancan fa?" Manaja ta nuna.

"Namu da nasu ba su ba da amsa ɗaya ba."

"Subhanallahi. A lissafi? Wane irin lissafi?"

"Rabawa. Bakwai a raba biyu."

Manaja ta dafe ƙirji. Ita ba ta rubuta kod ba tun da aka ba ta kujera, amma ta san muryar mai rumbu in kayansa suka ɓace a kwamfuta.

"Bakwai a raba biyu ma ba su iya ba? Yana gyaruwa?"

Nan ne wurin layi ukun. Kawu ya buɗe baki, sai ya ji wata magana dabam tana fita.

"Wannan dai shi ne wanda ya fito fili. Na ɓoye kuwa, Allah kaɗai ya san yawansu."

Ba ƙarya ya yi ba, in kalma-kalma za a bi. Haka ya gaya wa kansa, tun kafin ya rufe baki. Injiniya ta karkata kai tana kallon allon.

"Amma Kawu, ba wajen da ake tura ɓarin amsa ba ne kawai? Ina ga in aka duba alamar…"

Ya dube ta ta saman tabarau. Bai taɓa yi mata wannan kallon ba.

"'Yata, wannan wurin ba a shigarsa da 'ina ga'. Na ga abin da ya fi wannan ƙanƙanta ya tsayar da rumbu guda cur."

Ta haɗiye sauran maganar, ta ce, "Haka ne, Kawu." Ba don ta yarda ba. Tarbiyya ce ta hana ta, kuma ya san haka, abin ya ƙara damunsa.

Manaja ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce abin da ya yi shekaru yana aiki lafiya ba za ta canza shi da abin da bai iya rabawa ba, su da suka ƙirƙiro shi su je su gyara kayansu. Ta ce a goge kwafin nan ma gaba ɗaya, kada wani mai rawar kai ya sake shi bisa kuskure. Ta tsaya a kansa har ya goge. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata.

Ya ci nasara ke nan. Ya jira daɗin ya zo, bai zo ba, sai wani abu mai kama da yunwa. Yana naɗe wayar kwamfutarsa Manaja ta juyo daga bakin ƙofa.

"Sai dai abu ɗaya, Kawu. Yau na tsorata. Tunda da namu za mu zauna, ba zai yiwu a ce kai kaɗai ka san cikinsa ba. Ka zauna da Injiniya ka koya mata shi layi-layi. Ku fara yau."

Wannan kam ya yi masa. Malami da ɗaliba. Har ya ji kamar hanyar biyan yarinyar ce ta samu, ya wanke laifin kallon da ya yi mata. Bayan an dawo daga cin abinci ya share mata gefen teburinsa, ya kawar da tulin tsoffin wayoyin caji da kwalin magani, ta jawo kujerarta ta zauna. Yaran ofis suna ta satar kallo, don ba su taɓa ganin kujera biyu a kusurwar nan ba.

Ya buɗe fayil ɗin. Sai a lokacin ya lura rabonsa da shiga can ciki har ya manta. Duk kiran da ake yi masa, daga ka yake amsawa, kuma kusan kullum laifin mai kiran ne: ya ba da lamba da waƙafi, ko ya bar fili a gaba. Fayil ɗin kansa ba ya lalacewa, don haka ba a buɗe shi.

Tarawa ta tafi lafiya. Ya yi bayani yana nuni da bayan biro, har da ɗan barkwanci, tana gyaɗa kai. A ɗebewa ya ɗan yi tuntuɓe ya miƙe. Da suka shiga ninkawa sai sunaye suka fara yi masa baƙunta. Akwai wani abu da ya sa wa suna "a", akwai "aa", akwai "sabo", akwai "sabo2", akwai "saboNaGaske".

"Kawu, mene ne bambancin 'sabo2' da 'saboNaGaske'?"

"Ɗaya na wucin gadi ne."

"Wanne?"

"Za ki gani a gaba."

Suka yi gaba, ba su gani ba. Ya fara jin zufa a bayan wuya, ya ɗora laifin a kan fanka. Ya riƙa saurin gangarawa yana cewa wannan a bayyane yake, wannan ma a bayyane yake. Ya ga Injiniya ta daina gyaɗa kai.

Sai suka iso rabawa. A tsakiyarta akwai wani wuri da aka rage ɗaya daga wata lamba, aka juya jerin gunduwoyin baya, aka ƙara biyu, sannan aka sake juyawa, kuma duk wannan ba ya faruwa sai in gunduwa ta ƙarshe ta fi rabi. A samansa akwai ɗan bayani, irin wanda mai rubuta kod yake bar wa na baya, shi kaɗai ne ma a duk shafin. Injiniya ta karanta shi a fili, a hankali.

"'Kada kowa ya taɓa nan. In an cire, komai zai rushe. Mai son sanin dalili ya tambaye ni.'"

Ta juyo ta dube shi, ba da tsokana ba, da fuskar mai son ta koya tsakani da Allah.

"To Kawu, ga ni na tambaya."

Ya dubi layukan. Ya tuna ranar da ya rubuta su sarai. Ruwa ake yi, rufin tsohon ofis yana yoyo a cikin bokiti, yana sanye da wata riga mai ruwan toka da aljihunta ya yage. Ya tuna yadda ya buga tebur don murna da abin ya yi aiki, har shayi ya zube. Ya tuna ya ce a ransa ba sai ya rubuta dalilin ba, abu ne da ba zai taɓa mantawa ba. Komai na ranar yana nan, ban da dalilin.

Ya cire tabarau, ya mayar. Ya bi layin farko da bakin biro, ya bi na biyu, a na uku ya ɓace. Me ya sa biyu? Me ya sa rabi? Wanda ya rubuta wannan yaro ne mai kaifin kai da girman kai, kuma bai bar wa kowa adireshi ba. Tsoro ya kama Kawu, irin wanda bai ji ba ko ranar da Manaja ta tsaya a bakin teburinsa. Ɗazu da safe yana da laburare mai layukan da kowa zai iya karantawa, har da shi. Da hannunsa ya ce ya tabbata.

"Kawu?"

"Ina zuwa," ya ce. Ya yi gyaran murya. "Bari mu sake ɗaukowa daga sama. Don ki fi ganewa."

Ta ce to, ta gyara zama. Ya kai hannu ya fara mayar da shafin sama a hankali, yana karanta kowane layi da yake wucewa.